Dorugu Ɗan Dambanas da Matsayinsa a Tarihin Rubutun Zube na Hausa

Gabatarwa

Idan aka tambayi ɗalibin Hausa a kwalejojinmu yaushe aka fara rubutun zube da boko, amsarsa a shirye take. Zai ce daga gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya cikin 1933 a ƙarƙashin Dokta R. M. East, wadda ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. In kuwa aka ƙara tambayarsa wane Bahaushe ne ya fara ba da labarin tafiyarsa Turai da abin da ya gano a biranenta, sai ya ce Alhaji Abubakar Imam, a cikin Tafiya Mabuɗin Ilmi na 1944. Ba laifin ɗalibin ba ne. Mu muka koya masa haka, mu ma haka aka koya mana.

Manufar wannan takarda ita ce ta jawo hankalin mahalarta wannan taro ga wani yaro Bahaushe da ya riga Imam taka Landan da shekara 88, ya kuma ba da labarin abin da ya gani da Hausa, aka rubuta, aka buga. Sunansa Dorugu. Abin da muke son nunawa shi ne, labarin nasa adabi ne, kuma tarihi ne, ba tarin jimlolin misali don masu nazarin nahawu kawai ba, kamar yadda aka daɗe ana ɗaukarsa. Har ila yau muna ganin mu mutanen ƙasar Daura, musamman na wajen Zango, mu ne ya fi cancanta mu fara neman haƙƙinsa, domin daga bayan gidanmu aka ɗauke shi.

Ƙasar da ya fito

An haifi Dorugu wajen 1839 ko 1840 a wani ƙauye mai suna Dambanas, kusa da Kance. Wanda ya san hanyar da ta tashi daga Daura ta bi ta Kwangwalam ta nufi Matamai da Damagaram ya san cewa ƙasar Kance da ƙasar Zango maƙwabtan juna ne. Yau akwai iyaka a tsakani, ɗaya tana Nijar ɗaya tana Nijeriya. A lokacin Dorugu babu wannan iyaka, kuma sarki ɗaya ne inuwarsa ta rufe yankin.

Ga yadda abin ya kasance. Bayan da Malam Isiyaku ya ci Daura wajen 1805 a lokacin jihadi, Sarkin Daura Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Zuriyar sarakunan Haɓe ba su watse ba, sun sake kafa sarauta a Zango da kuma Baure, suka zauna ƙarƙashin kariyar Damagaram, ita kuwa Damagaram tana bin Shehun Barno. Ta haka aka sami Daura uku a lokaci guda, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana a littafinsa na 1978 kan sha'anin Daura. Sai da Turawa suka zo sa'an nan aka ɗauko Malam Musa daga Zango aka mai da gidan Haɓe kan gadon Daura. To, talakan da ke zaune a wannan tsakani, watau tsakanin daular Sakkwato ta kudu da Damagaram da Barno ta arewa da gabas, shi ne abin tausayi. Duk rundunar da ta fito neman bayi, a gonarsa take fara sauka. Kasancewar mutum talakan sarki ba ya hana a kama shi in bukatar gaisuwar Kukawa ta taso.

A cikin wannan hali Dorugu ya tashi. Mahaifinsa manomi ne mai taɓa kiɗa. Yana da shekara goma sha ɗaya ko sha biyu aka kama shi a wani hari, aka kai shi Damagaram, daga nan ya yi ta sauya hannu har ya sami kansa a Kukawa. Kashi na farko na labarinsa a kan wannan ƙuruciya yake: gona, da yunwa, da gudun hari, da rabuwa da iyaye. Masu tarihin Zango da Baure sun saba dogaro da jerin sarakuna da labarin fadawa. Ga shi kuwa muna da bakin ɗan talaka na wannan yanki, wanda ya faɗi abin da ya same shi tun abin bai wuce shekara biyar ko shida da faruwa ba. Irin wannan shaida ba ta da yawa a ƙasar Hausa baki ɗaya, balle a wannan lungu namu.

Daga Kukawa zuwa Landan

Cikin 1850 gwamnatin Ingila ta turo wata tawaga daga Tarabulus don ta binciki ƙasashen kudancin hamada. Shugabanta James Richardson ya mutu cikin Maris na 1851 kafin ya isa Kukawa, aka bar Jamusawa biyu, Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da suna Abdulkarim, da Adolf Overweg, wanda ake kira Tabib. Shi Overweg ɗin ne ya fanshi Dorugu ya 'yanta shi, tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya mutu a bakin tafkin Chadi cikin Satumba na 1852, sai yaran biyu suka koma hannun Barth.

Tafiyar da suka yi daga nan sananniya ce, ba sai mun tsawaita ba. Sun bar Kukawa cikin Nuwamba na 1852, suka bi ta Damagaram da Katsina, suka sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba kusa da Wurno, suka wuce Sakkwato da Gwandu, suka ƙetare Kwara a Sayi, suka shiga Tambutu cikin Satumba na 1853, inda Shaihu Ahmad al-Bakkay ya ba su mafaka har wata da watanni. Sun komo ta Kano, suka isa Kukawa a ƙarshen 1854. Cikin 1855 suka ratsa hamada ta Bilma da Murzuk zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa zuwa Malta da Marsai, suka bi ta Faris, suka sauka Landan ran 6 ga Satumba, 1855. Daga baya Barth ya tafi da su Jamus, har gidan mahaifinsa a Hamburg.

Abin lura a nan shi ne, hanyar da ta tashi daga Damagaram zuwa Katsina ta yammacin ƙasarsu Dorugu take ratsawa. Watau yaron ya gifta kusa da gida yana 'yantacce, ya kuma ci gaba da tafiya. Wanda ya san abin da ke jiran yaro marar gata a wannan yanki a wancan zamani ba zai yi saurin ganin baikensa ba.

Barth ya shirya a mai da yaran gida bayan ɗan lokaci. Amma wani malamin mishan, shi ma Bajamushe, mai suna J. F. Schön, ya shiga tsakani ya sa suka zauna wurinsa a Chatham, abin da bai yi wa Barth daɗi ba ko kaɗan. Schön yana da dalilinsa. Tun tafiyar da ya yi a kogin Kwara tare da Samuel Ajayi Crowther cikin 1841 yake fama da nazarin Hausa, har ya buga ɗan littafin kalmomi cikin 1843, alhali bai taɓa sa ƙafa a ƙasar Hausa ba, bai kuwa taka ta ba har ya mutu cikin 1889. Ga Bahaushe Allah ya kawo masa har ɗaki. Cikin 1856 ya zaunar da Dorugu, yana faɗa shi yana rubutawa. Daga wannan zama aka sami labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa, da tatsuniyoyi, da wadansu labarai. Su ne ginshiƙin nahawun Schön na 1862 da ƙamusunsa na 1876, su ne kuma mafi yawan abin da ke cikin Magana Hausa, wanda aka buga cikin 1885.

Abin da ya gani

Tafiya ɗaya aka yi, amma labari biyu aka samu, kuma kwatanta su yana da amfani ƙwarai. Barth ya cika littafi juzu'i biyar, aka buga tsakanin 1857 da 1858. Shi idonsa yana kan ganuwa da kasuwa da haraji da asalin sarakuna. Shi ne ya ƙiyasta mazauna birnin Kano da dubu talatin, shi ne ya zauna a Gwandu yana kwafar tarihin Songai daga littafin da aka ara masa. A cikin juzu'an nan biyar Dorugu bai wuce suna da ake ambata jefi-jefi ba, sai kuwa wani zane da aka yi masa tare da Abbega. Shi kuwa Dorugu daga wajen raƙuma da murhu yake kallon tafiyar. Abin da ya dame shi shi ne ruwa, da abinci, da gajiyar dabbobi, da wanda ya yi musu kirki a hanya, da wanda ya nufe su da sharri. Hatta shi Abdulkarim, wanda duniya ta sani da babban masani, a bakin Dorugu maigida ne kawai, mai halinsa na kirki da na faɗa. Barth ya gaya mana yadda garuruwan suke. Dorugu ya gaya mana yadda tafiya zuwa cikinsu take ga wanda ke ɗaure kaya.

Da aka ƙetare teku sai al'amarin ya juya. Shekara biyar Bature yana kallon mutanenmu yana rubuta al'adunsu, yanzu kuma ga Bahaushe yana kallon Turawa a gidajensu. Wurin da masu nazari suka fi ambata shi ne inda ya siffanta liyafar cin abinci a gidan Ingilishi. Ya bi al'adar daki-daki, tun daga taruwar baƙi, da yadda maza da mata ke shiga wurin cin abinci, da yadda ake kawo abincin kashi-kashi, har zuwa watsewa. Bai yabe su ba, bai kushe su ba. Ya dai jera abin da suke yi, yadda mutum zai jera wa ɗan'uwansa al'adar auren wata ƙabila da ya gano a fatauci. A nan ne muke ganin ƙwarewarsa, domin ta wannan jerawa kawai sai abin da Bature ya ɗauka shi ne daidai ya koma baƙon abu mai bukatar bayani.

Akwai wani abu kuma da ya kamata mu tsaya a kansa. Wa Dorugu yake gaya wa wannan labari? Wanda ke gabansa da alƙalami mutum ne da ya shekara da shekaru a Ingila, wanda ya ci irin wannan liyafa ba adadi. Ba ya bukatar a gaya masa yadda ake zama a teburi, ko yadda jirgin ƙasa yake tafiya. Amma Dorugu bai taƙaita ba, ya yi bayani ne irin wanda ake yi wa wanda bai taɓa gani ba. A ra'ayinmu wannan alama ce cewa mai sauraron da ke zuciyarsa ba ya Chatham, yana can gida. Ya yi abin da kowane matafiyi Bahaushe yake yi in ya sauka a zango da dare aka kewaye shi: ya auna baƙon abu da mudun da masu sauraro suka sani. Sai dai shi masu sauraron nasa ba su ji ba.

In muka dubi Tafiya Mabuɗin Ilmi sai bambancin ya ƙara fitowa. Imam ya tafi Ingila cikin 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, a cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma da aka gayyata, wanda har da Nnamdi Azikiwe a ciki. Ya tafi yana editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, babban mutum mai suna da matsayi, ana kai shi wuraren da aka zaɓa a nuna masa, har ya gana da Lugga. Ya san masu karatunsa, ya kuma san abin da yake so su koya, don haka kowane abin da ya gani sai ya mai da shi darasi ga mutanen Arewa. Haka ma sarakunan da suka yi wannan tafiya, tun daga Sarkin Katsina Muhammadu Dikko cikin 1921, waɗanda Moses Ochonu ya yi nazarin labaransu a littafinsa na 2022. Dukansu baƙin gwamnati ne, sun je da idon shugabanni masu neman abin da za su kawo gida. Dorugu ba shi da jama'ar da zai gyara, ba shi da muƙamin da zai kare. Ba muna cewa labarinsa ya fi na Imam ba ne, domin Imam gwanin alƙalami ne wanda ba a haɗa shi da yaro ɗan shekara goma sha shida. Abin da muke cewa shi ne iri biyu ne, kuma wanda ya san ɗaya kawai bai san labarin tafiya na Hausa ba.

Alƙalamin wane ne?

Mun san za a yi mana suka ta fuska uku, gara mu tare su tun yanzu.

Za a ce Dorugu bai rubuta kome ba, faɗa ya yi, saboda haka littafin na Schön ne. Wannan ita ce suka mafi rauni. Labarin Baba ta Karo ma faɗa ta yi, Mary Smith ta rubuta tsakanin 1949 da 1950, aka buga cikin 1954, ba mu kuwa taɓa jin wanda ya ce rayuwar da ke ciki ko hikimar da ke ciki ta matar Smith ce ba. Mu da muke koyar da adabin baka, muna kafa hujja da waƙoƙin makaɗan da ba su taɓa riƙe alƙalami ba, bai kamata a ji wannan magana daga bakinmu ba.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Schön ɗan mishan ne, yaron kuwa a gidansa yake ci yake sha, daga baya ma aka yi masa baftisma aka sa masa suna James Henry. Ashe ba zai faɗi abin da maigida yake son ji ba? Babu shakka akwai wannan, kuma dole mai karatu ya riƙe shi a zuciya, musamman inda magana ta zo kan addini ko kan alherin Turawa. Amma a tuna abin da Schön yake nema. Shi ba labari ya dame shi ba, harshe yake farauta. Bukatarsa ita ce ya sami Hausa yadda take fitowa daga bakin mai ita, don ya ciro ƙa'idojinta. Mutumin da ke wannan aiki in ya gyara maganar mai ba shi labari, kansa ya cuta. Hausarsa ma ba ta kai ta ƙaga irin wannan zance ba. Inda hannunsa ya fi yin ɓarna shi ne wajen rubutu. Ya bi tsarin haruffan Lepsius, kunnensa kuma bai rarrabe masa ƙ da k, ko ɗ da d, ko ɓ da b yadda ya kamata ba, sa'an nan yakan haɗa kalmomi ko ya raba su inda ba nan ne mahaɗarsu ba. Wannan ya sa Bahaushen yau in ya buɗe Magana Hausa sai ya ga kamar ba harshensa ba ne. Amma a gwada karanta shi da ƙarfi a gaban dattijon Zango ko na Kance, a ga ko zai nemi tafinta.

Suka ta uku ita ce wadda muka yarda da rabinta. Za a ce littafin bai yi tasiri a kan marubutan Hausa ba, domin a Landan aka buga shi, don Turawa masu koyon Hausa, haka ma bugun da C. H. Robinson ya sake fitarwa cikin 1906. Gaskiya ne. Ba mu da'awar cewa marubutan 1933 daga gare shi suka koya. Amma tarihin adabi ba tarihin tasiri ne kaɗai ba, har da tarihin abin da harshe ya iya yi a wani lokaci. Labarin Dorugu ya nuna cewa tun cikin 1856 Hausa tana da salon zube da zai ɗauki dogon labari na gaskiya, daga ƙauye har birnin Landan, ba tare da ya jingina da tatsuniya ko waƙa ba. A duba kuma a gani: Ruwan Bagaja tafiya ce, Ganɗoki tafiya ce, Shaihu Umar kuwa labarin yaro ne da aka sace aka bautar, aka ratsa hamada da shi. Abin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ƙaga, Dorugu ya rayu a cikinsa shekara tamanin kafin nan. Malamin da zai koyar da Shaihu Umar yana da abin da zai ajiye kusa da shi, in ya so.

To, me ya sa aka manta da shi? Muna ganin iyaka tana da hannu. Masu tarihin adabi a Nijeriya sun bar wa Nijar shi don can aka haife shi, alhali mafi yawan abin da aka rubuta a kansa da Ingilishi yake, ba da Faransanci ba. Sauya addininsa ma ya sa wadansu ba su ɗauke shi nasu ba. Aiki mafi girma da aka yi masa shi ne na A. H. M. Kirk-Greene da Paul Newman, waɗanda suka fassara labarin zuwa Ingilishi da sharhi cikin 1971, suka haɗa shi da na Maimaina na Jega, Sarkin Askira, wanda jikan Abbega ne. Sakamakon haka ɗalibi a Amurka ya fi ɗalibinmu sauƙin saduwa da Dorugu. Mun sha ambatar sunansa a aji, a gaban ɗalibai 'yan Zango da Baure da Mai'aduwa, su yi shiru suna duban juna. Aikin da ke gabanmu ba mai tsada ba ne: a juya labarin zuwa daidaitacciyar ƙa'idar rubutu, a bar kalmominsa da ginin jimlarsa yadda suke, a sa masu jin karin harshen Daura da Damagaram su duba shi, a je Dambanas da ƙauyukan da ke kewaye a bi sunayen wuraren da ya ambata.

Komowa

Abbega ya riga shi dawowa, cikin 1857, daga baya har ya zama sarkin Lakwaja. Dorugu ya zauna Ingila wajen shekara takwas, ya koyi karatu da rubutu, ya taimaki Schön da aikin fassara, sa'an nan ya komo cikin 1864. Ya yi aikin tafinta wa Turawa iri-iri, 'yan mishan da matafiya da jami'ai. A ƙarshen rayuwarsa ya zauna a Nasarawa ta Kano, inda Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa cikin 1909, yana cikin masu koyar da karatun boko a can. A nan ya rasu cikin 1912, yana da shekara saba'in da 'yan kai. Matar Ɗan Hausa ta rubuta cewa da aka buɗe kayansa bayan rasuwarsa an tarar da tarkacen Turai da ya daɗe yana adanawa, a cikinsu har da tabarau masu yawa.